Jadawalin Jami'o'i da Binciken da Bai Iso Kasuwarmu Ba

Duk shekara, idan kamfanonin da ke jera jami'o'in duniya suka fitar da sakamako, sai labari ya karaɗe gidajen rediyo da wayoyin mutane: wance ta hau, wance ta sauka, tamu ta shiga sahu ko ba ta shiga ba. Shugabannin jami'o'i su fitar da sanarwa, tsofaffin ɗalibai su yi ta taya juna murna. Ban ga laifin mai murna ba. Sai dai akwai wani sashe na wannan jadawali da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, wato inda ake cewa an auna tasirin binciken da jami'o'i ke yi a fannin kasuwanci da gudanarwa. Ni malamin darasin kasuwanci ne a wata sakandare a ƙasar Gumel, cikin manoman riɗi da zoɓo na tashi, cikinsu nake har yau. Abin da nake gani shi ne, awon da ake yi na gaskiya ne amma rabin magana ne, kuma idan jami'o'in Kano da Jigawa suka mayar da shi alƙiblarsu, za su ƙara nisa da kasuwannin da ke bakin ƙofarsu.

Ga yadda ake awon. Jaridar Financial Times ta Landan tana da mujallu 50 da ta zaɓa. Tana ƙirga maƙalolin da malaman kowace makarantar kasuwanci suka buga a cikinsu, kuma wannan ƙirga ita ce kashi 10 cikin 100 na makin da take bayarwa a jadawalinta na MBA, wato digiri na biyu a fannin gudanar da kasuwanci. Jami'ar Texas da ke Dallas ta fi ta matse hannu: mujallu 24 kacal take dubawa, sannan ta fitar da makarantu 100 da suka fi bugawa a ciki, kuma makarantar Wharton ta Jami'ar Pennsylvania ta daɗe tana kan gaba a wannan jerin. Kamfanonin jera jami'o'i na QS da Times Higher Education suna ɗauko alƙalumansu daga rumbun bayanai na Scopus, mallakar kamfanin Elsevier. Jadawalin Shanghai, wanda aka fara a 2003, daga rumbun Web of Science yake ɗauka. Babban abin da ake ƙirgawa a waɗannan rumbuna shi ne ambato, wato sau nawa wasu masana suka kafa hujja da maƙalarka a cikin tasu. Akwai kuma lissafin da wani masanin kimiyya mai suna Jorge Hirsch ya kawo a 2005: idan aka ce malami yana da 10, ana nufin yana da maƙaloli 10 da aka ambaci kowacce aƙalla sau 10. Sai ƙuri'ar jin ra'ayi, inda ake tambayar malaman jami'o'i wace jami'a suke ganin girmanta. Kafin ma Times Higher Education ta saka jami'a a babban jadawalinta, sai malamanta sun buga maƙaloli 1,000 cikin shekara 5 a mujallun da Scopus ya san da su.

Wanda duk ya nutsu ya duba zai ga cewa masana ne ke auna masana. Maƙala ta yi tasiri idan wata maƙala ta ambace ta. Ban raina wannan ba, domin haka ilimi ke ginuwa, na baya ya ɗora a kan na gaba, kuma aikin da masana suka yi ta komawa gare shi shekara da shekaru da wuya ya zama aikin banza. Amma kasuwanci da gudanarwa fanni ne da aka kafa shi saboda masu saye da sayarwa, masu bayar da bashi da masu karɓa, masu ɗaukar yara aiki da yaran da ake ɗauka. A auna bincikensa ba tare da an tambayi ko mutum ɗaya daga cikinsu abin da ya ƙaru da shi ba, kamar a auna arzikin manomi ne da yawan masu yaba gonarsa daga bakin hanya, ba a leƙa rumbunsa ba.

Su waɗannan mujallu 50 ɗin duk da Turanci ake buga su, kuma akasarin editocinsu a Amurka da Turai suke. Abin da ya fi sauƙin shiga cikinsu shi ne bincike a kan manyan kamfanonin da ke kasuwar hannun jari, waɗanda doka ta tilasta musu bayyana lissafinsu duk wata uku ko duk shekara. Mai bincike yana zaune a ofis zai sauko da bayanan kamfanoni dubbai na shekaru masu yawa. Alhajin da ke loda tirelolin riɗi daga Maigatari zuwa Dawanau kuwa, wanda miliyoyi ke ratsa hannunsa duk mako, ba ya cikin kowane rumbun bayanai. Lissafinsa yana cikin kansa da ƙaramin littafin da ke aljihun babbar rigarsa. Wanda zai yi bincike a kansa sai ya je, ya zauna, ya sha rana, ya jira har a yarda da shi. Ga tsada ga cin lokaci, ga shi kuma ba tabbas edita a wata ƙasa zai ga muhimmancinsa.

To a nan ne matsalar ke gangarowa har ƙauye. Malamin jami'a ba ya samun ƙarin girma sai da maƙaloli, kuma jami'o'i da yawa yanzu suna son a ga wasu daga ciki a mujallun waje. Mujallu da dama suna karɓar kuɗin bugawa da dala, wasu dala 2,000 ko 3,000 a maƙala ɗaya, kuma tun da aka saki naira a 2023 wannan kuɗi ya fi ƙarfin albashin watanni na malami. Sai mutum ya nemi hanya mafi kusa. Wasu su faɗa hannun mujallun bogi, masu karɓar kuɗi su buga ko me aka aiko ba tare da tacewa ba, irin waɗanda wani ma'aikacin laburare a Amurka, Jeffrey Beall, ya riƙa tattara sunayensu har ya rufe jerin a 2017. Wasu su haɗa kai su huɗu ko biyar, kowa ya rubuta ɗaya ya saka sunayen sauran. Wasu kuma su ɗauko tambayar da aka riga aka amsa a wata ƙasa, su canza sunan gari, su raba takardar tambayoyi, su zuba amsoshin a kwamfuta, maƙala ta fito. Ba malaman nake zargi da farko ba. Mutum mai iyali ne, an ce masa ga ƙofar da zai bi ya ci gaba, ya bi.

Na ga yadda abin ke sauka a kan ɗalibai. 'Yar yayata tana shekarar ƙarshe a sashen kasuwanci na wata jami'a, ta zo hutu da tarin takardun tambayoyi a jaka. Bincikenta a kan yadda kyautata wa ma'aikatan banki ke ƙara musu ƙwazo ne. Garinmu babu banki, sai masu POS a bakin tasha. Ta same ni a zaure bayan la'asar ta durƙusa ta gaishe ni, ta ce, "Kawu, don Allah ka taimaka ka raba wa malaman makarantarku su cike mini."

Na ce, "Ke kuwa, a kan ma'aikatan banki kike rubutu, su kuma malaman makaranta ne."

Ta ce, "Wallahi Kawu haka kowa ke yi. Lambobin kawai ake so a saka a kwamfuta."

Na ce mata ga mahaifinta nan, duk shekara cikin watan Agusta, lokacin da hatsi ya ƙare a gidaje, yana bai wa manoma kuɗi a kan za su biya shi da riɗi in kaka ta yi. Me ya hana ta bi wannan? Nawa ake bayarwa, nawa ake dawowa da shi, wa ke cin riba idan farashi ya tashi, wa ke kwana ciki idan ya faɗi, me ake yi wa wanda ruwa ya cinye gonarsa? Ta yi shiru, sannan ta ce, "Na kai irin wannan tun farko, Kawu. Malam ya ce ba wanda ya taɓa rubutu a kai, ba zan samu abin da zan kafa hujja da shi ba."

Wannan amsa ta tsaya mini a rai, domin ita ce ciwon gaba ɗaya. Tsarin da ke ba da lada a kan ambato yana tura kowa inda aka riga aka yi rubutu da yawa. Inda ba a taɓa rubutu ba, wato inda aka fi bukatar bincike, nan ne ake gudu. Yarinya tana zaune a gidan da ake gudanar da harkar bashi mai sarƙaƙiya wadda ta shafi abincin gidaje da dama, an koya mata cewa wannan ba abin nazari ba ne.

Tambayoyin kuwa ga su nan birjik. Duk ranar Alhamis kasuwar Maigatari na cika da shanu da raƙuma da tumaki daga Nijar. Baƙo ya sauka a hannun fatomansa, dillali ya shiga tsakani, a yi ciniki, a sallama, a loda shanun a tirela zuwa kudu, kuma sau da yawa ba a biya duka kuɗin ba sai an sayar a can. Ba lauya, ba takardar yarjejeniya, amma dukiya mai yawa na tafiya tana dawowa. Me ke riƙe da wannan amana? Idan mutum ya ci ta, wane hukunci kasuwa ke yi masa, kuma yana aiki? Da aka rufe iyakokin ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, da kuma bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, su wa suka karye, su wa suka tsaya, kuma da wace dabara? A farkon 2023, bayan an canza fasalin naira, lokacin da takardun kuɗi suka ɓace, da idona na ga kaya ɗaya da farashi biyu a kasuwanninmu, na mai kuɗi a hannu daban, na mai turawa ta waya daban. Na ga tsohuwa ta kawo akuya ta koma da ita saboda ba ta da asusun da za a tura mata. Irin wannan lokaci, da za a ce wani ya tsaya ya rubuta abin da ya faru mako bayan mako, da ya bar wa ƙasar nan darasin da Babban Banki zai duba kafin ya sake irin wannan mataki.

Ko a ɗauki tumatir. Ruwan dam ɗin Tiga ya mayar da Kura da Kadawa da Garun Malam ƙasar noman rani, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa a Kwanar Gafan lokacin da tumatir ya yi yawa ya san yadda kwando ke faɗuwa warwas har manomi ya rasa kuɗin mota. An buɗe masana'antar sarrafa tumatir ta Dangote a Kadawa a 2016, a shekarar ce kuma ƙwaron da manoma ke kira sharon ya cinye gonaki, kuma tun daga nan masana'antar ta sha tsayawa saboda rashin isasshen tumatir. Ga manoma na kukan asara, ga injin na jiran kaya. Wannan tambaya ce ta gudanarwa tsantsa: wace irin yarjejeniya ce za ta sa manomi ya kai wa kamfani kayansa ko da farashin kasuwa ya tashi, ta kuma sa kamfani ya saya ko da ya faɗi? Wanda ya warware wannan ya yi wa dubban gidaje aiki. A jadawalin Dallas kuwa ba zai samu ko maki ɗaya ba, sai in ya yi nasarar shigar da shi ɗaya daga cikin mujallu 24 ɗin nan.

Sai dai kada wani malami ya ji wannan magana ya ce na ba shi mafaka. Akwai masu cewa Turawa ba su damu da mu ba, don haka a bar mu mu buga a mujallunmu na gida, a daina yi mana maganar duniya. Ban yarda ba. Da yawa daga mujallun da sassan jami'o'inmu ke bugawa, abokai ne ke tace aikin abokai, kuma ba mai karanta su, ba masani ba ɗan kasuwa. Wanda bai isa mujallar duniya ba, bai kuma isa kasuwa ba, bai yi komai ba. Kuma tarihi ya ƙaryata cewa kasuwanninmu ba za su iya haifar da bincike mai daraja a idon duniya ba.

A 1988 da 1989 wani masanin tattalin arziki Ba'amurke, Christopher Udry, ya bi magidanta a ƙauyuka 4 kusa da Zariya yana rubuta bashin da suke bayarwa da wanda suke karɓa. Ya gano cewa kusan duk bashin tsakanin waɗanda suka san juna ne, ba takarda ba jingina, kuma abin da ake biya yana bin halin da ɓangarorin biyu suka shiga. Idan gonar mai cin bashi ta lalace sai a sassauta masa. Idan kuma mai bayarwa ne wata masifa ta afka wa, sai a biya shi fiye da yadda da za a biya. Kowane ɗan ƙauye ya san haka ake yi. Shi dai ya auna, ya tabbatar da lissafi, ya buga a 1994 a mujallar Review of Economic Studies, wadda yau tana cikin 50 ɗin Financial Times, kuma har yanzu masana na kafa hujja da aikin. Haka Jenny Aker ta bi farashin hatsi a kasuwannin Nijar daga 2001 zuwa 2006, lokacin da wayar salula ke shiga garuruwa ɗaya bayan ɗaya, ta nuna cewa tazarar farashi tsakanin kasuwanni ta ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin 100. Wannan harkar 'yan'uwanmu ce ta ƙetaren iyaka, masu cin kasuwa ɗaya da mu. Abin da ya haɗa ayyukan nan biyu shi ne zama a wurin, da haƙurin tattara bayanai na dogon lokaci, da kuɗin da ya ɗauki nauyin hakan. Makin da aka samu kuwa jami'o'in Amurka ya tafi. Abin yana yi mini ciwo, ba don sun zo sun yi ba, Allah ya saka musu, sai don mu da muke kwana muke tashi a cikin waɗannan kasuwanni an shagaltar da mu da takardar tambayoyi a kan ma'aikatan banki.

Akwai kuma aikin da ko kusa da ma'aunin ambato ba ya zuwa, amma ya shiga gidajen mutane. Marigayi Mohammed Bah Abba malamin kasuwanci ne a kwalejin gwamnatin Jigawa da ke Dutse. Ya ɗauki tukunya ya saka a cikin wata tukunyar, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya rufe da jiƙaƙƙen tsumma. Ruwan na tsotsewa yana fita, cikin tukunyar na yin sanyi, gauta da tattasai da alayyahu su daɗe ba su lalace ba, a garin da ba wutar lantarki. Ya samu lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Abin da ya fi burge ni a labarinsa shi ne ɓangaren kasuwancin: ya ɗauki magina tukwane na gida aiki, ya tsara yadda kayan za su isa ƙauyuka, ya yi amfani da wasan kwaikwayo wajen nuna wa mutane amfaninsu. Haka buhun PICS mai leda biyu a ciki, wanda masanan Jami'ar Purdue da abokan aikinsu na Afirka suka fara yaɗawa daga 2007, wanda ke hana ƙwari cin wake ba tare da an zuba magani ba. Wanda ya tuna cewa Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Najeriya a 2015 saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a ciki ya san darajar wannan buhu. Ƙirƙiro shi aikin masana noma ne, amma isar da shi hannun ɗan tireda a kasuwar ƙauye kan farashin da manomi zai iya, a daidai lokacin girbi, wannan aikin masana kasuwanci ne, kuma har yau bai ƙare ba.

Su kansu masu wannan tsari sun fara gyara. A 2012 wasu masana da editoci suka haɗu a San Francisco suka tsara sanarwar da ake kira DORA, suna cewa a daina auna malami da sunan mujallar da ya buga a ciki, a duba aikin da kansa. Jami'ar Utrecht ta ƙasar Holan ta ƙi miƙa bayananta ga Times Higher Education a 2023, duk da cewa tana cikin na sama-sama. Birtaniya kuwa, tun 2014, idan za ta raba wa jami'o'i kuɗin bincike, sai kowane sashe ya kawo labarin inda bincikensa ya canza wani abu a wajen jami'a, da hujjoji, kwamiti ya zauna ya tantance. Wannan ɓangare ya ɗauki kashi 20 cikin 100 na makin a 2014, ya koma kashi 25 a 2021. Ƙasashen da suka fi cin gajiyar ƙirgar ambato sun ga bai ishe su ba. Mu da ba mu da kuɗin yin tseren ma, bai kamata mu rungume shi fiye da su ba.

Abin da nake so hukumar jami'o'i ta ƙasa, NUC, da asusun tallafa wa manyan makarantu na TETFund, da majalisun jami'o'inmu su yi ba mai wuya ba ne a faɗa. A bar ma'aunin maƙala yana nan, a ma ƙara tsananta shi ta yadda maƙala ɗaya mai nauyi za ta fi goma marasa nauyi. Sannan a kafa na biyu kusa da shi: duk sashen kasuwanci, bayan 'yan shekaru, ya kawo shaidar inda aikinsa ya shiga hannun masu sana'a. Wace ƙungiyar manoma ce ta canza yadda take ajiye lissafi? Wace ƙaramar hukuma ce ta gyara yadda take karɓar harajin kasuwa? Wane bankin raya karkara ne ya sauya lokacin karɓar bashinsa daga tsakiyar damina zuwa bayan kaka saboda an nuna masa da alƙaluma cewa haka ya fi? Kuma malamin da ya mayar da sakamakon bincikensa Hausa, ya shiga rediyo ya bayyana, ko ya zauna da shugabannin kasuwa ya karanta musu, a lissafa masa wannan a takardar ƙarin girma.

Na san abin da za a ce, kuma gaskiya ne: a ƙasar nan, ranar da aka ce wasiƙar shaida daga sarkin kasuwa na kawo ƙarin girma, ranar za a fara sayen wasiƙun. Ƙirgar ambato ko ba komai tana da wuyar murɗawa ga mutum ɗaya, ko da yake ita ma an sha kama masu ambaton junansu da gangan. Don haka ba wasiƙa za a karɓa ba. Masu tantancewa su fito daga wata jiha, su zaɓi kaɗan daga cikin labaran da aka kawo ba tare da sanarwa ba, su shiga mota su je garin, su tambayi mutanen. Gani ya kori ji. Sannan a wajabta wa mai bincike ya ajiye ainihin bayanan da ya tattara inda wani zai iya dubawa. Wannan kaɗai zai kashe rabin takardun tambayoyin da ake cikewa a ɗakin kwana.

Kayan aikin akwai su. Jami'ar Bayero tana da makarantar kasuwanci ta Dangote, da cibiyar nazarin noma a yankunan da ke da ƙarancin ruwa, da cibiyar nazarin bankin Musulunci, ga Dawanau a gefenta. Jami'ar Tarayya ta Dutse, wadda aka kafa a 2011, tana kusa da kasuwannin Shuwarin da Sara. Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa tana tsakiyar ƙasar shinkafa da kifin Haɗejiya, Gujungu da Maigatari ba su yi mata nisa ba. Jami'ar Wudil kuwa, karar shanu ta ranar Juma'a tana cikin garin da take. Da kowacce za ta ɗauki kasuwa biyu ko uku ta ce nata ne, ta tura ɗalibai duk ranar kasuwa su rubuta farashin gero da dawa da wake da riɗi da zoɓo da dabbobi, da kuɗin mota, da la'adar dillali, da yawan kayan da suka shigo, a kuma karanta a rediyo da yamma, manomi zai amfana tun daga makon farko. Bayan shekara 10 kuma jami'ar za ta mallaki bayanan da babu mai su a duniya sai ita. A lokacin masanan waje ne za su zo neman haɗin gwiwa, sunan malamanmu ya shiga manyan mujallun da hujjar aikinsu, ambaton da ake nema ya zo da kansa. Riɗinmu na tafiya Japan da Turkiyya da Sin, zoɓonmu na tafiya Meziko, masu son sanin yadda farashinsu ke tashi daga gona ba kaɗan ba ne.

A lissafina, kuɗin da ake biya a buga maƙala ɗaya a irin mujallun nan masu karɓar dala zai ɗauki nauyin motar ɗalibai da abincinsu zuwa kasuwa ɗaya na tsawon shekara. TETFund tana da asusun bincike na ƙasa da ake nema duk shekara, kuma ƙa'idar ƙarin girma majalisar kowace jami'a ce ke amincewa da ita, ba sai an jira Abuja ba. Shugaban sashen kasuwanci ɗaya, a Dutse ko Kafin Hausa ko Wudil, zai iya farawa da 'yan ajin ƙarshe na bana, ya ce kowa ya kawo batun bincikensa daga kasuwar garinsu.